Maya Angelou: Yarinyar da ta yi shekara biyar ba ta magana, ta zama muryar baƙar fatar Amurka

A daren Lahadi, 23 ga watan Janairun 1977, miliyoyin Amurkawa suka zauna gaban talabijin domin kallon kashin farko na wani wasan kwaikwayo mai dogon zango da tashar ABC ta fara nunawa. Sunansa Roots, wato tushe ko asali. An buɗe labarin ne a ƙauyen Juffure na ƙasar Gambiya, inda aka haifi wani yaro Musulmi ɗan ƙabilar Mandinka mai suna Kunta Kinte, wanda daga baya 'yan farautar bayi suka kama, aka sayar da shi a Amurka.

Daga cikin fuskokin da 'yan kallo suka fara gani akwai ta wata doguwar mace mai kaurin murya, wadda ta fito a matsayin Nyo Boto, kakar Kunta Kinte. Ita ce Maya Angelou. Shekararta 48 a lokacin, kuma ba ta daɗe a cikin wasan ba, amma waɗanda suka san tarihinta sun fahimci dalilin da rawar ta dace da ita. Ta zauna a Afirka ta Yamma, ta ci abinci da tsofaffin matan yankin, ta ga yadda kaka ke riƙe da tarihin zuriya a bakinta.

Abin da mafi yawan masu kallon ba su sani ba shi ne, mai wannan murya ta taɓa shafe kusan shekara biyar tana ƙarama ba ta magana da mutane, saboda ta yi imani cewa harshenta ya kashe mutum.

Ƙuruciya a kudancin Amurka

An haife ta ranar 4 ga watan Afrilun 1928 a birnin St. Louis na jihar Missouri, aka raɗa mata suna Marguerite Annie Johnson. Yayanta Bailey ne ya laƙaba mata Maya tun suna yara, sunan kuma ya bi ta har ƙarshen rayuwarta.

Tana shekara uku auren iyayenta ya mutu. Aka saka ta a jirgin ƙasa ita da Bailey mai shekara huɗu, ba tare da wani babba na gida ya raka su ba, zuwa wani ƙaramin gari mai suna Stamps a jihar Arkansas. A can kakarsu ta wajen uba, Annie Henderson, take da kantin sayar da kayan masarufi a unguwar baƙar fata.

A wancan zamani doka ce ta raba fari da baƙi a kudancin Amurka. Makaranta daban, asibiti daban, wurin zama a mota daban, har famfon shan ruwa daban. A kantin kakarta Maya ta riƙa ganin masu tsinkar auduga suna fita da asuba cike da fata, su dawo da magariba a gajiye, abin da suka samu bai kai ya biya bashin da ke kansu ba. Ta kuma ga yadda kakarta, mace mai ibada da rufin asiri, take haɗiye wulaƙancin yaran fararen fata ba tare da ta zubar da mutuncinta ba.

Ranar da ta rufe bakinta

Bayan 'yan shekaru mahaifinsu ya mayar da su St. Louis wurin mahaifiyarsu, Vivian Baxter. A nan ne, tana kimanin shekara takwas, mutumin da ke zaune da mahaifiyarta, wani mai suna Freeman, ya yi mata fyaɗe. Ta gaya wa yayanta, shi kuma ya sanar da dangi. An gurfanar da mutumin a kotu, an same shi da laifi, amma bai wuce kwana ɗaya a tsare ba. Kwanaki kaɗan bayan sakinsa aka tsinci gawarsa, kuma an yi zargin kawunnanta ne suka kashe shi.

Hausawa na cewa baki shi ke yanka wuya. Yarinyar ta ɗauki wannan ma'ana a zahirinta. A tunaninta na ƙuruciya, ta ambaci sunan mutum kuma ya mutu, saboda haka duk wanda ta yi wa magana yana cikin haɗari. Sai ta yi shiru. Dangi suka yi lallashi, suka yi faɗa, da abin ya gagara suka mayar da ita Stamps wurin kakarta.

A shekarun shirun nan ne ta koma ga littattafai. Ta karanta Shakespeare da Charles Dickens da Edgar Allan Poe, ta karanta mawaƙan baƙar fata irin su Paul Laurence Dunbar da James Weldon Johnson, ta haddace da yawa daga abin da ta karanta. Kunnenta kuma ya koyi sauraro, ta riƙa lura da yadda mutane ke sarrafa murya a coci da kanti da bakin hanya.

Wata mata mai ilimi a garin, Bertha Flowers, ita ce ta jawo ta daga wannan hali. Ta riƙa gayyatar ta gida, tana karanta mata littafi da babbar murya, tana nuna mata cewa rubutacciyar waƙa ba ta cika sai an furta ta da baki. Sannu a hankali yarinyar ta soma karantawa a fili, daga nan magana ta dawo.

Daga kwandasta zuwa dandali

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ta koma jihar California wurin mahaifiyarta. Tana shekara 16 ta nemi aikin kwandasta a jiragen ƙasa na cikin birnin San Francisco. Aka ƙi ko ba ta takardar neman aikin. Ta yi ta zarya ofishin kullum har suka gaji suka ɗauke ta, kuma ana lissafa ta a matsayin baƙar fata mace ta farko da ta yi wannan aiki a birnin.

Makonni kaɗan bayan ta kammala sakandare a 1945, tana shekara 17, ta haifi ɗanta ɗaya tilo, wanda aka fi sani da Guy Johnson. Shekarun da suka biyo baya sun yi mata tsanani. Ta yi aikin dafa abinci, ta yi hidima a gidajen cin abinci, talauci ya kai ta har ga zaman kanta na ɗan lokaci. Ba ta ɓoye wannan ba daga baya. Ta rubuta shi da hannunta a littafi na biyu na tarihin rayuwarta a 1974, a lokacin da sunanta ya riga ya yi girman da za ta iya binne shi in ta so.

A 1951 ta auri wani Bagirke mai suna Tosh Angelos. Auren bai yi ƙarko ba, amma daga sunansa ta samo Angelou lokacin da ta fara rawa da waƙa a gidajen nishaɗi na San Francisco. Tsakanin 1954 da 1955 ta bi tawagar wasan Porgy and Bess zuwa ƙasashe fiye da 20, akasari a Turai, tana ƙoƙarin koyon harshen duk ƙasar da suka sauka. A 1957 ta fitar da faifan waƙoƙinta na farko, Miss Calypso.

Shekarar Greensboro

A ƙarshen shekarun 1950 ta koma New York, ta shiga ƙungiyar marubutan unguwar Harlem, ta ƙulla abota da marubucin nan James Baldwin, wanda ya zame mata tamkar ɗan'uwa.

Ranar 1 ga watan Fabrairun 1960, ɗalibai huɗu baƙar fata na kwalejin A&T da ke birnin Greensboro a jihar North Carolina suka shiga kantin Woolworth, suka zauna a teburin cin abincin da aka keɓe wa fararen fata, suka ƙi tashi. A kwanakin da suka biyo baya wasu suka ƙaru, ciki har da 'yan matan kwalejin Bennett ta birnin. Cikin 'yan makonni zaman dirshan ɗin ya bazu zuwa garuruwa da dama na kudancin ƙasar.

A wannan shekarar ce Maya ta saurari jawabin Martin Luther King a wani coci a Harlem. Ta haɗa kai da abokan sana'arta suka shirya wasan tara kuɗi domin ƙungiyarsa ta SCLC, daga bisani aka naɗa ta mai kula da ayyukan ƙungiyar a arewacin Amurka. Guguwar da ta taso daga Greensboro ce ta cika ofishinta da matasa masu neman ba da gudummawa. Ba ta san cewa wata rana a maƙwabtan wannan birni za ta ƙarasa rayuwarta ba.

A watan Fabrairun 1961 tana cikin waɗanda suka yi zanga-zanga a hedikwatar Majalisar Ɗinkin Duniya kan kisan Patrice Lumumba na Kongo. A shekarar kuma ta fito a wasan dandali na marubucin Faransa Jean Genet mai suna The Blacks, tare da Cicely Tyson da Louis Gossett Jr., waɗanda za ta sake haɗuwa da su a Roots bayan shekara 16.

Alƙahira da Accra

Ta haɗu da Vusumzi Make, ɗan gwagwarmayar yaƙi da wariyar launin fata daga Afirka ta Kudu, suka tafi Alƙahira tare da ɗanta. A can ta yi aikin edita a mujallar Arab Observer da ake bugawa da Ingilishi, a can kuma ta fara ganin Nelson Mandela. Da zamanta da Make ya ƙare a 1962, ta nufi Accra domin ta sa Guy a Jami'ar Ghana. Kwanaki kaɗan da isarsu ya yi mummunan haɗarin mota, ya karye a wuya. Jinyarsa ce ta zaunar da ita a Ghana har zuwa 1965.

Ghana ta Kwame Nkrumah a lokacin ta zama matattarar baƙar fatar Amurka masu neman komawa tushe. Maya ta yi aiki a makarantar kiɗa da wasan kwaikwayo ta Jami'ar Ghana, ta yi rubutu a jaridar Ghanaian Times da mujallar African Review, ta yi shirye-shirye a gidan rediyon ƙasar, ta koyi harshen Fanti. Marubuciyar wasan kwaikwayo Efua Sutherland ta zama aminiyarta.

A watan Agustan 1963, yayin da dubban mutane ke gangami a Washington, ita da 'yan'uwanta baƙi suka yi nasu tattakin zuwa ofishin jakadancin Amurka a Accra. A daidai wannan lokaci ne labarin rasuwar dattijon masani W.E.B. Du Bois, wanda ya koma Ghana da zama, ya iske su.

Zaman Ghana ya koya mata darasi mai ɗaci da daɗi. Ta je da zaton za a tarbe ta a matsayin 'yar gida da ta ɓata ta dawo, sai ta tarar mutane na harkokin gabansu, kuma a idon da yawa ita Ba'amurkiya ce. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, balle wanda aka raba da gidan ƙarni uku da suka wuce. Sai dai a littafin da ta rubuta kan wannan zama a 1986, ta ba da labarin ziyararta garin Keta gab da barinta ƙasar, inda matan kasuwa 'yan ƙabilar Ewe suka dube ta suka fashe da kuka, saboda sun ga kamannin danginsu da aka kwashe zamanin cinikin bayi a fuskarta.

Rashi biyu da littafi ɗaya

Malcolm X ya ziyarci Accra a 1964, suka shaƙu. Ta koma Amurka a farkon 1965 domin ta taya shi gina sabuwar ƙungiyarsa ta haɗin kan baƙar fata, amma aka harbe shi ranar 21 ga watan Fabrairu, kafin aikin ya kankama.

Bayan shekara uku Martin Luther King ya nemi ta taimaka masa a gangamin da yake shiryawa domin talakawa. Ta amsa. Aka kashe shi ranar 4 ga watan Afrilun 1968, ranar da ta cika shekara 40 a duniya. Ta yi shekaru ba ta bikin zagayowar ranar haihuwarta, maimakon haka takan aika wa matarsa Coretta furanni.

A wannan shekara ta baƙin ciki ta shiga talabijin da ƙarfinta. Ta rubuta, ta shirya, ta kuma gabatar da wani shiri mai kashi goma, Blacks, Blues, Black!, a tashar ilimantarwa ta San Francisco. Shirin ya bi sawun al'adun Afirka da suka tsira a kiɗa da rawa da wasannin yara na baƙar fatar Amurka, kuma abin da ta gani da idonta a Ghana shi ne jarinta.

James Baldwin ne ya fitar da ita daga ɗaki zuwa wata liyafar cin abinci, inda ta ba da labarin ƙuruciyarta har ta kama hankalin kowa. Labarin ya kai kunnen Robert Loomis, edita a kamfanin ɗab'i na Random House. Ta ƙi tayinsa da farko. Sai ya nuna mata cewa rubuta tarihin kai ya zama adabi abu ne da kusan ba ya yiwuwa, ita kuwa ba ta iya ƙyale ƙalubale.

A 1969 littafin I Know Why the Caged Bird Sings ya fito, wanda sunansa ke nuni da tsuntsun da ke waƙa a cikin keji. Ya ƙunshi rayuwarta daga shekara uku zuwa 17, har da fyaɗen da shirun da ya biyo baya. A lokacin ba a saba jin mace baƙar fata ta faɗi irin wannan da sunanta ba. An sayar da miliyoyin kwafi, an fassara shi zuwa harsuna da dama, an sa shi a manhajar makarantu. Haka kuma ya daɗe a sahun gaba na littattafan da wasu iyaye a Amurka ke neman a cire daga makarantu, saboda yadda ya fito da maganar fili. Littattafai shida suka biyo bayansa a jerin tarihin rayuwarta, na ƙarshe a 2013.

A gaban kyamara da bayanta

A 1972 aka yi fim ɗin Georgia, Georgia a ƙasar Sweden daga labarin da ta rubuta, kuma ana lissafa shi a matsayin na farko da aka shirya daga rubutun mace baƙar fata a Amurka. A 1973 aka sa sunanta cikin masu takarar lambar Tony, babbar kyautar wasan dandali, saboda rawar da ta taka a Look Away.

Sai Roots, wanda aka gina kan littafin Alex Haley na 1976. An nuna shi dare takwas a jere, kuma an ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 100 ne suka kalli kashin ƙarshe. Shi ne karon farko da Amurkawa masu yawa haka suka ga Afirka a talabijin a matsayin ƙasar mutane masu suna da addini da tarbiyya, tun kafin zuwan jiragen bayi. Masana sun yi jayayya daga baya kan sahihancin wasu sassan binciken Haley, amma tasirin wasan bai gushe ba, ya sa baƙar fata da dama suka shiga neman asalinsu.

A 1979 tashar CBS ta mayar da littafinta na farko fim na talabijin, da hannunta a rubutun. Ta rubuta Sister, Sister wanda NBC ta nuna a 1982. Ta fito a finafinan Poetic Justice a 1993 da How to Make an American Quilt a 1995, ta kuma leƙa shirin yara na Sesame Street. A 1998, tana shekara 70, ta ba da umarnin fim ɗin Down in the Delta. Sau da yawa rawar uwa ko kaka ko gwaggo ake ba ta, mai faɗa a ji a cikin dangi.

Komawa kudu

A farkon shekarun 1980 ta koma kudancin da ta baro tana yarinya. Jami'ar Wake Forest da ke Winston-Salem, kimanin kilomita 45 yamma da Greensboro, ta ba ta kujerar farfesa ta har abada a fannin nazarin Amurka, duk da cewa ba ta taɓa yin digiri na farko ba. Ta koyar a can sama da shekara 30. Ta kuma kasance cikin masu tallafa wa kwalejin Bennett ta Greensboro, ɗaya daga cikin kwalejoji biyu na mata baƙar fata da suka rage a ƙasar. Kantin Woolworth da aka yi zaman dirshan kuwa ya zama gidan tarihin gwagwarmayar 'yanci a 2010, tana raye.

Ba ta rubutu a gida. Takan kama ɗaki a otal, ta sa a cire hotunan bango, ta isa da sassafe, ta kwanta a kan gado tana rubutu da hannu a takarda mai ruwan ɗorawa, da Littafi Mai Tsarki da ƙamus da karta a gefenta. Da rana ta koma gida, da yamma ta gyara abin da ta rubuta.

Ranar 20 ga watan Janairun 1993 ta karanta waƙarta On the Pulse of Morning a bikin rantsar da Shugaba Bill Clinton. Tun Robert Frost a 1961 ba a sake gayyatar mawaƙi irin wannan biki ba, kuma ita ce mace ta farko, baƙar fata ta farko. Faifan waƙar ya samo mata ɗaya daga cikin lambobin Grammy uku da ta ci, dukkansu a fannin karatu da murya. A watan Fabrairun 2011 Shugaba Barack Obama ya rataya mata lambar yabo mafi girma da ake bai wa farar hula a Amurka.

Ba kowa ne ya yaba mata ba. Wasu masu sharhin adabi na ganin waƙoƙinta sun fi armashi a bakinta fiye da a takarda, kuma littattafan da suka biyo bayan na farko ba su kai shi ƙarfi ba. Wasu sun soki yarjejeniyar da ta ƙulla da kamfanin Hallmark na katunan gaisuwa. Ita dai ta tsaya kan cewa talaka mai sayen kati shi ma mai karatu ne.

Ta rasu ranar 28 ga watan Mayun 2014 a gidanta da ke Winston-Salem, tana da shekara 86. A taron addu'ar da aka yi mata a jami'ar, Michelle Obama da Bill Clinton da Oprah Winfrey, wadda ta ɗauke ta tamkar uwa, duk sun yi jawabi. A 2022 aka buga hotonta a tsabar kuɗin Amurka ta santi 25, baƙar fata mace ta farko da ta samu wannan matsayi.

Abin da ya same ta tana shekara takwas yana samun yara a Kano da Maradi da Kumasi, kamar yadda yake samun su a St. Louis, kuma a gidaje da yawa har yanzu shiru ake zaɓa da sunan rufin asiri. Maya Angelou ta ɗanɗani shirun na shekara biyar, ta san nauyinsa. Abin da ya fitar da ita kuwa wata maƙwabciya ce da ta lura da yarinyar da ba ta magana, ta kira ta gida, ta zauna da ita har ta buɗe baki.